Cakulan a Kumatu

An yi wani mutum mai sayen hatsi, wanda haƙoransa ne jarinsa. In manomi ya kawo masara, sai ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya gatsa. In ta ce ƙas, ta bushe, ya saya. In haƙori ya nutse a cikinta, da sauran danshi, ya ce a koma a shanya. Bai taɓa sayen hatsin da ya ruɓe masa a rumbu ba, shi ya sa manyan 'yan kasuwa suke aiko shi ya saya musu.

Yana da ƙane mai taya shi aiki. Wata Kirsimeti aka kawo musu tsarabar cakulan daga birni, suka ɗanɗana, abin ya kama bakinsu su biyu, suka riƙa saye.

Amma cinsu ya bambanta. Shi ƙanen, ranar kasuwa kaɗai yake ci. In ya gama cin tuwo sai ya ɓare guda, ya cinye tas kamar wanda ake kora, ya kurkure baki, ya bi da asuwaki. Wan kuwa yakan dube shi ya girgiza kai ya ce, “Kai dai kwaɗayi zai kashe ka. Ka koyi ƙanƙan da ci mana.”

Gama shi wan ba ya cinye guda a zama ɗaya. Yakan gutsura ɗan mitsitsi, ya cusa a kumatun dama, ya bar shi yana narkewa a hankali yana ta ciniki. In wannan ya ƙare, ya sa wani. Daga safe har yamma bakinsa bai rabu da zaƙi ba, yana kuwa jin kansa mutum mai kamun kai ƙwarai.

Matarsa ta ce masa, “Maigida, ko wanke bakin nan ba za ka yi ba?”

Ya ce, “Me na ci da zan wanke?”

A kwana a tashi, wata rana ya sha ruwan randa, ya ji abu ya tsira masa a turmin haƙori har cikin kunne. Ya ji tsoro, amma bai gaya wa kowa ba. Dabarar da ya yi ita ce, ya mai da cakulan ɗin kumatun hagu.

Da kaka ta yi, manoma suka cika kasuwa da sabuwar masara. Wan ya ɗauki ƙwaya daga buhun wani manomi a gaban jama'a ya gatsa yadda ya saba. Aka ji ƙas. Manomin ya yi murna ya ce, “Ka ji ko, ta bushe!” Mutumin ya tofa a tafin hannunsa. Ga ƙwayar masara lafiya lau, ga kuma rabin haƙori, farinsa a waje, cikinsa baƙi, duk kogo.

Likitan haƙori ya cire abin da ya rage, ya duba hagu ya ce nan ma ɓarna ta yi nisa. Mutumin ya ce, “Likita, ƙanena ya fi ni ci nesa ba kusa ba, ga nasa garau.”

Likita ya ce, “Baba, ba yawan ci kaɗai ke cin haƙori ba, daɗewar zaƙin a kansa ne. Shi yana ci ya wanke. Kai kuwa masauki ka ba shi.”

Tun daga ranar, in an kawo masara, sai ya ɗauki ƙwaya ya miƙa wa ƙanensa ya gatsa masa. 'Yan kasuwa suka lura, suka koma aiken ƙanen kai tsaye. Wannan ya fi cirewar haƙorin yi masa ciwo.

To, ga ma'anar misalin nan. Haƙori zuciyarmu ce, wadda muke rarrabe nagari da mugu da ita. Ba a ce ƙanen ba ya tuntuɓe ba. Shi ne mutumin da in ya yi fushi ko ya yi kuskure, kowa ya gani, sai ya tuba nan da nan, ya nemi gafarar Allah da ta ɗan'uwansa, ya wanke. Wan kuwa shi ne mai cewa, “Ni ba na manyan zunubai.” Ba a taɓa jin ya zagi kowa ba, amma yana da ɗan ƙullin da ya yi shekaru yana tsotsa, da 'yar hassada, da ɗan tsegumi bayan an tashi daga sujada. In zuciyarsa ta fara yi masa zafi, ba ya tuba, sai dai ya sauya wa abin wuri.

'Yan'uwa, Ubangiji ba zai tambaye mu ƙanƙantar abin da muka gutsura ba. Kowa ya sa harshe ya laluba, ya ji abin da ya ajiye, da tsawon lokacin da ya yi a wurin. In ka same shi, ka tofar yau, ka je wurin wanda ka riƙe a zuci kafin ka isa gida.