Binnen da Rana ta Ƙone

Akwai wani saurayi mai suna Kefas, wanda ya yi shekaru yana yawon aikin gini a birane. Da ya komo ƙauyensu, sai ya tarar gari ba yadda ya bar shi ba. An sare tsamiyar bakin kasuwa. Majami'ar da ya sani da jinka ta samu rufin kwano. Abokan wasansa duk sun yi aure, 'ya'yansu suna kallonsa kamar baƙo. Mahaifiyarsa ta rasu ba ya nan. Mahaifinsa kuwa ya tsufa ya rame, rumbunsa wayam, gama fari ya cinye amfanin bara.

Abin da ya rage a gidan ɗan damin gero ne guda ɗaya, na iri, rataye a rufin ɗaki inda hayaƙi ke hana ƙwari taɓa shi.

Kefas ya dubi damin, ya dubi haƙarƙarin tsohon, ya ce, "Baba, a sauke wannan a sussuka ka sha kunu. In ka ji ƙarfi sai in tafi da kai birni."

Tsohon ya ce, "In yi me a birni? In zauna ina kallon motoci? Wannan geron ba na cikinmu ba ne, na ƙasa ne. Gobe za mu yi binne."

To, binne shi ne mutum ya shuka iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, domin ruwan farko ya tarar da shi a ciki. Gidan da yunwa ta matsa wa yakan yi haka, don ya riga kowa cin tumu.

Kashegari suka fita, sama tas, ko ɗigon girgije babu. Tsohon yana gaba yana sara da sungumi, Kefas yana biye yana jefa iri yana rufewa da diddige, yana gunaguni. Da suka kai ƙarshen gona, tsohon ya cire hularsa ya ce, "Ya Ubangiji, ga shi mun ba ka ajiya. Ba mu da wani."

Bayan 'yan kwanaki aka yi ɗan yayyafi, wanda bai kai ya ratsa ƙasa ba, amma ya isa ya yaudari iri. Gero ya tsiro, gona ta yi kore shar. Daga nan sama ta rufe bakinta. Rana ta buɗe, ta yi ta dukan tsiron nan har ya ƙone ƙurmus, tun daga wannan iyaka har waccan.

Kefas ya tsaya a tsakiyar gonar, ransa a ɓace, ya ce, "Baba, ga ajiyar da ka ba Allah. Da kunu muka sha, da ko ba komai ya shiga cikinmu."

Tsohon ya zauna a ƙasa, hawaye yana bin gemunsa. Can ya ce, "Ɗana, kada ka zaci ba na jin zafi. Tun da mahaifiyarka ta tafi ban ji abin da ya soke ni kamar wannan ba. Amma in na saki hannunsa, hannun wa zan kama? Naka? Kai da ƙafarka ba ta kwana biyu a wuri ɗaya?"

Kefas ya juya ya koma gida. Ya so ya ɗauki jakarsa a ranar, kunya ta hana shi.

Sai ga damina ta sauka da gaske. Kowa ya yi shuka, gonaki suka yi kyau, tasu kuwa ciyawa kaɗai take fitarwa. Tsohon ya ɗauko fartanya biyu, ya miƙa wa ɗansa ɗaya.

Kefas ya ce, "Baba, me za mu nome? Babu komai a ciki fa. Mutane za su ce mun taɓu."

"Su faɗa. Na roƙi Ubangiji abinci, ban san ta inda zai kawo ba. In ya zo, kada ya tarar da ƙwaryata da datti."

Haka suka yi ta noman gonar da babu shuka, masu wucewa suna gaishe su suna kau da kai.

Wata safiya, bayan an kwana ana ruwa, suna cikin aiki sai suka ji waƙa tana tahowa ta hanyar rafi. Matan zumunta ne na ikilisiya, kowace da kwando a ka, cike da tsiron gero da saiwarsa da jiƙaƙƙiyar ƙasa. A gabansu akwai wata tsohuwa, Kaka Damaris, wadda ta yi renon Kefas yana jariri, take kuma tsokanarsa da sunan miji.

Ta ce, "Mai gidana, ka dawo daga birni ko tsarabar sabulu babu, yanzu kuma ka saki baki kana kallona? Sauke ni, wuyana zai karye!"

Ya sauke ta, ya ce, "Kaka, wannan fa?"

"Bana shukar kowa ta yi cunkoso, ana ta ragewa ana zubarwa a bakin gona awaki suna ci. Jiya na wuce na ga taku a share fes, ba ko kara ɗaya. Na ce wa mata, abin da muke zubarwa ga gonar da ke jiransa. Da na gan ta cikin ciyawa, da na ce masu ita sun haƙura. To, ka iya dashe, ko birni ya lalata mini kai?"

Kafin rana ta take, an dasa gonar kaf. Kashegari dashen ya yi laushi, ya kwanta. Kefas ya ce, "Baba, wannan ma ya mutu."

Tsohon ya yi dariya, irin wadda ɗansa bai ji ba tun dawowarsa. Ya ce, "Haka dashe yake. Sai ya kwanta kafin ya tashi."

Ya kuwa tashi. Da kaka ta yi, rumbu bai cika har baki ba, amma abin da ya shiga ya isa ya kai gidan wata damina. Ran sujadar godiya, Kefas da kansa ya ɗauki dami mafi girma ya kai gaban ikilisiya.

Ba a daɗe ba ƙafarsa ta fara ƙaiƙayi. Yana ninke kayansa tsohon ya leƙo ya ce, "Ai na sani. Tun jiya nake ganin ana wanke takalmi."

Kefas ya durƙusa ya ce, "Baba, sa mini albarka. Ka kuma koya mini yadda kake addu'ar nan taka, don can inda za ni babu Kaka Damaris."

"Ita babu, amma wanda ya aiko ta yana can. Faɗa masa gaskiya kawai. In kuka ne, ka yi masa kukan."

Tsohon ya ɗora masa hannu a ka, saurayin ya tashi ya ɗaure jakarsa.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Binnen da ya ƙone shi ne abin da ka sa ranka a kai, ka yi addu'a a kansa, ya kuma lalace a idonka: aiki, ko lafiya, ko wani naka da ka rasa. Dogara ga Allah ba ta hana rana ƙuna, ba ta kuma hana hawaye. Tsohon nan ya yi kuka, amma a gaban Ubangiji ya yi shi. Noman gonar da babu shuka shi ne ka ci gaba da addu'a da aikin da ke hannunka, ko da ba ka ga alama ba. Dashen kuwa taimakon Allah ne, wanda sau da yawa yakan zo ta hanyar da ba ka duba ba, a kan kawunan 'yan'uwanka. Saboda haka in kai ne mai cunkoso bana, duba gonar maƙwabcinka. In kuwa kai ne a kwance yau, gode wa Ubangiji, kada ka ce ka mutu. Saiwarka ce take kama ƙasa.