Makaɗan da Barnabas Ya Ɓoye a Bayan Labule

Akwai wani dattijo a Jalingo mai suna Barnabas, tsohon ɗan badujalar 'yan sanda, wanda ya yi ritaya a Yola ya dawo gida shekara guda bayan an ƙirƙiro Jihar Taraba. Abin busarsa sakisifon ne, ƙahon nan na Turawa mai lanƙwasasshen baki, kuma a duk kiɗan duniya ba ya ganin wanda ya kai jaz.

Wani kulob na ma'aikata ya ba shi takardar izinin yin wasa kowace Asabar, daga ƙarfe huɗu zuwa shida na yamma. Da wannan takarda ake sanin sa a gari, kuma bayan ritaya ba shi da wani abin tinƙaho sai ita.

Ba shi kaɗai yake wasan ba. Philemon, kafinta ne a unguwar Magami, shi ke kan ganguna. Job, abokin aikinsa, shi ke kan jita. Shekara biyu suka yi suna kiɗa a bayansa ba a taɓa jin kansu ba.

Ranar Asabar, 8 ga Oktoba, 1994, Philemon ya saki hannu a kan ganguna, jama'a suka yi masa tafi na minti biyu cur. Tafin da aka yi wa Barnabas a ranar bai wuce sakan arba'in ba. Shi da kansa ya duba agogo.

Da Alhamis ta zo, ranar gwaji, ya tarbe su a ɗakinsa na Mayo Gwoi yana dafe da baki.

"Leɓena ya tsage, yau ba busa. Ku kaɗa waƙoƙin duka a jere, ni zan saurara."

Ba su san cewa a ƙarƙashin tebur akwai rikoda da aka kifa wa kwando ba, da sabon kaset a cikinta yana ɗauka. Da suka gama, Barnabas ya gyara zama.

"Daga yau na sallame ku. Jaz a bakina yake. Ku rakiya ce kawai, kuma na samu masu rakiyar da ba sa neman tafi."

Philemon ya dubi Job, ya ajiye sandunan kiɗa.

"To, Oga. Allah ya bar maka bakin."

Sai dai sashe na huɗu na takardar izinin ya ce wasan na mutum uku ne, kuma kiɗan kai tsaye za a yi shi a gaban jama'a. Barnabas ya yi nazari, ya ga cewa takarda ta faɗi adadi amma ba ta faɗi suna ba. Saboda haka ya nemo maƙwabcinsa Aƙilu tela, domin ƙafarsa ta saba da taka keken ɗinki, ya ɗora shi a kan ganguna. Jita kuma ya miƙa wa ƙanin matarsa, Joseph, wanda ya kawo doya kasuwa daga Iware.

"Ku yi ta motsi, amma kada wanda ya taɓa komai. Aƙilu, sanda ta tsaya a iska. Joseph, ka riƙa gyaɗa kai kamar abin yana maka daɗi."

"Yaya, in an ce in kaɗa fa?"

"Ba wanda ya taɓa cewa mai jita ya yi wani abu."

Kaset ɗin kuwa, minti goma na farko kawai ya saurara ya kashe. Ya ce abin da aka kaɗa a gabansa ba sai ya sake ji ba.

Ranar Asabar, 15 ga wata, mutum sittin da uku suka hallara. A layin gaba akwai sakataren kulob, Malam Njidda, tsohon magatakardan kotu, mutumin da ba ya dariya sai ya tabbatar akwai dalili. An ɓoye rikoda a bayan labule, an haɗa ta da lasifika.

Waƙa ta farko ta tafi lafiya. Aƙilu yana ta saran iska, Joseph ya rungume jita yadda ake rungumar babbar doya.

A waƙa ta biyu numfashin Barnabas ya yanke, kamar yadda ya saba. Ya cire ƙaho ya share fuska, yana jiran kiɗa ya zagayo ya ɗauke shi. Kiɗa bai zagayo ba. Ya maida ƙaho da sauri ya bi shi, kamar mai bin motar garin Mutum Biyu da ta riga ta bar tasha. Ya shiga a inda ba a shiga, ya fita a inda ba ƙofa. Mutane suka fara duban juna, amma wani daga baya ya ce ai jaz ya gaji haka.

Da ƙarfe huɗu da minti ashirin da bakwai, sai muryar Barnabas ta fito daga lasifika, alhali ƙaho na bakinsa.

"Bari in zagaya. Ku ci gaba."

Aka ji ƙarar ƙofa. Gangunan kaset suka yi shiru, amma Aƙilu bai lura ba, yana nan yana sara da dukkan ƙarfinsa. Sai muryar Job ta biyo baya.

"Philemon, ka ji yau da Oga ba ya busa, kiɗa ya miƙe kamar titi?"

Zaure ya ɗauki dariya. Barnabas ya sauke ƙaho daga baki. Muryar Philemon ta amsa.

"Rufe baki. Tsoho ne, numfashi ya ragu. In ya ɓace, kai ka riƙa maimaita wurin, ni zan rage hannu har ya dawo. In ya daɗe sosai, zan cika wurin da ganga, mutane su ɗauka shiri ne."

"Kamar ran Asabar?"

"Kamar ran Asabar. Minti biyu ina kiɗa yana neman iska. Kada ka bari ya sani, kunya za ta kashe shi. Shi ya koya mana aikin nan."

Dariya ta lafa. Joseph ya miƙe tsaye, ya jingina jita da bango cikin ladabi.

"Jama'a, ni doya na kawo gari. Yaya ne ya ce in riƙe wannan abu."

Ranar Litinin da ƙarfe goma Malam Njidda ya kira Barnabas ofis, da kaset a kan tebur.

"Malam Barnabas, magana biyu ce. Ta farko, izinin kiɗa kai tsaye muka ba ka, ba izinin kunna rikoda ba. Ta biyu, kiɗan wa ke cikin kaset ɗin nan?"

"Ranka ya daɗe, kaset nawa ne. Rikoda tawa, batir nawa, ɗakin ma nawa ne."

"Kwandon ma na ji naka ne. Hannuwan fa?"

Malam Njidda ya ɗaga kaset ɗin, ya ci gaba.

"Wanda ya ɗauki kiɗan mutum ba da saninsa ba, ya kai wa jama'a, ya taɓa haƙƙinsa. Buhu naka ne, amma masarar ta gonar wani ce. Zuwa Juma'a da sha biyun rana, ka kawo mini yardarsu a rubuce, su biyun. In ba haka ba, na karɓe takardar izini."

Talata Barnabas bai fita ba. Laraba ya kai bakin Magami ya juyo. Ranar Alhamis ya shiga shagon kafintoci, ya tarar da su suna goge ƙofa, ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Philemon, Job, na zo ne."

"Mun gani, Oga. Leɓen ya warke?"

"Bai taɓa tsagewa ba. Na yi muku ƙarya, na yi muku sata, kuma na yi muku rashin kunya. Takarda nake roƙo, in ba ita za a kore ni."

Philemon ya zare fensir daga bayan kunne, ya yi rubutu a kan takarda, Job ya sa hannu a ƙasa. Barnabas ya karanta da ƙarfi: "Mun yarda Oga Barnabas ya saurari kaset ɗinmu a ɗakinsa, shi kaɗai, kowace safiya, domin gwaji. Yana bukata."

Ya ɗago kai. "Wannan ba za ta ba ni damar kunna shi ran Asabar ba."

"Ba za ta ba ka ba."

"To wasan fa?"

Philemon ya hure garin katako daga kan ƙofa.

"Asabar da ƙafarmu za mu zo. In ba mu ba, Oga, wa zai tsaya jiranka?"

Malam Njidda ya karɓi takardar ranar Juma'a da sha ɗaya da rabi, ya karanta sau biyu, ya bar wa Barnabas izininsa. Washegari aka yi wasa. Barnabas ya ɓace sau uku, kuma a cikin dukan zauren mutum uku ne kawai suka sani.

Darasi: Kada ka ɗauki aikin hannun wani ka yi ado da shi ba da yardarsa ba, domin mallakar kaset ba mallakar kiɗa ba ce. Kuma kafin ka raina waɗanda ke bayanka, ka bincika ko su ne suke rufa maka asiri ba ka sani ba. Duk wanda ya karanta, ya tura wa ɗan'uwansa, musamman wanda ya fara jin cewa shi kaɗai ake yi wa tafi.