Shelar da Ba Ta Haye Kogi Ba

An ce wai wani sarki ya kafa doka a garinsa: duk saƙar da faɗinta bai kai yatsu shida ba, a ƙone ta a bakin kasuwa. Sankira ya yi shela, kowa ya ji. Amma akwai tsohon alkawari tsakanin garin da mutanen ƙetaren kogi, cewa ba a sauya awo sai an tura musu manzo, an kuma jira kasuwa uku. Sarkin Kasuwa Jatau aka ɗora wa aiken, shi kuwa ya ji ƙyuyar shiga kwalekwale, ya share.

Ran kasuwa sai ga Korau, masaƙin ƙetare, da saƙar rani guda, yatsu huɗu kamar yadda kakanninsa suka yi. Kafin ya sauke kaya Jatau ya sa an ƙwace, har an fara tara itace. Korau ya tsaya baki buɗe, don abincin gidansa ke nan kaf. Ya kai ƙara gaban Alƙali Zubairu, aka kira Jatau.

"Allah ya gafarta malam, wallahi ban taɓa jin dokar nan ba!"

Jatau ya taɓe baki. "An yi shela. Rashin jinsa ba matsalata ba ce."

Alƙali ya nemi izinin sarki, ya raɗa wa sankira magana, sannan ya kwashi Korau da Jatau suka haye kogi. Daga can suna hango sankira yana ta ɗaga hannu, ba sa jin komai sai ƙarar ruwa.

Suna dawowa alƙali ya ce, "Jatau, an tuɓe ka daga sarauta."

Korau kansa sai da ya dafe ƙirji. Jatau ya zube ƙasa.

"Innalillahi! Da wane laifin?"

"An yi shela yanzu: Sarkin Kasuwa ya cire rawaninsa nan take, ko ya rasa shi. Ga shi a kanka."

"Ina ƙetare fa, malam! Ta yaya zan ji?"

"Ka yanke wa kanka hukunci, ka yanke wa Korau. Riƙe rawaninka, mayar masa da saƙarsa. Gobe da kanka za ka kai saƙon, kuma ba mai taɓa kayan ƙetare sai kasuwa uku sun wuce."

Korau ya rungume kayansa yana hawaye.

Dokar da ba a isar wa mutum ba, ba ta da hannun kama shi.