Kujerar Bayan Da Sarkin Sauri Bai Gwada Ba

Akwai wani mai kantin kayan lantarki da 'yan gidansu suke kira Sarkin Sauri. Mutumin nan ko shayi a tsaye yake sha. Kana masa magana, idonsa na kan ƙofa.

Mahaifiyarsa, Inna, tana fama da ciwon gwiwa. Likita ya ce sai ta riƙa zuwa asibiti gashin ƙashi duk mako, in ba haka ba ƙafar za ta sandare. Dalilin da ya sa ke nan ya tashi sayen ƙaramar mota.

Ranar da zai je wurin dillali, matarsa ta ce, "Baban yara, ka tafi da Inna mana, ta shiga ta ji. Ai dominta za a saya."

"Ke ma dai! Takalmi ne da sai an gwada mata?" Kafin ta sake buɗe baki har ya kai bakin titi.

Ya kuwa gwada motar, ba za a yi masa ƙarya ba. Ya zauna a kujerar direba, ya murza sitiyari, ya taka birki, ya kunna sanyi ya bugi fuskarsa. Ya tambayi shan mai, dillali ya ce ai ɗanɗanawa kawai take yi. Da dillalin ya buɗe ƙofar baya zai nuna masa, sai ya ɗaga hannu.

"Bar shi, baya ai baya ne. Ina makulli?"

Sai a gida aka gano but ɗin, wurin sa kaya a bayan motar, ba ya ɗaukar keken guragun da ake tura Inna a kai. Ya ce ba damuwa, ya naɗe keken ya ɗora a kujerar gaba, ita kuma ta shiga baya.

Makonnin farko ba ta ce komai ba. Daga nan uzuri ya fara. Yau kanta ke ciwo, gobe ta ce ƙafar ta yi sauƙi. Shi kuwa yana ƙofar gida, ya danna hon, ya fito, ya koma, ya sake dannawa.

"Haba Inna! Na sayo mota dominki, kuma yanzu sai an roƙe ki?"

Wallahi maganar nan ta yi nauyi, amma shi ko a jikinsa. Gwiwar ta ƙara kumbura, likita ya yi ta faɗa.

Wata safiya saurin nasa ya kayar da shi a matakalar kanti, ya gurɗe ƙafa. Da ranar asibiti ta zo, ƙaninsa ya karɓi tuƙi, shi ma ya bi su a duba masa ƙafar. Keke na gaba kamar kullum, dole Sarkin Sauri ya shiga baya kusa da Inna.

Tun daga ƙofa ya fara gane kurensa. Sai da ya duƙa kamar mai leƙen ƙarƙashin gado kafin ya shige. Kujerar ta yi ƙasa, gwiwoyinsa sun tokare da ta gaba, ba wurin miƙe ƙafa. Sanyin da yake taƙama da shi ko kusa bai iso nan ba. Duk ramin da aka faɗa sai ya ji shi har cikin ƙashi.

Ya juya hagu, ya juya dama, gumi na zuba. "Kai, bi a hankali mana! Buhuna ka ɗauko?"

"Yaya, ai ko rabin gudunka ban yi ba," in ji ƙanin.

Sai ya waiga. Inna ta riƙe gwiwarta da hannu biyu, ta cije bakin mayafinta, ido a rufe, hawaye na bin kumatunta.

"Inna... dama haka kike ji duk tafiya?"

Ta yi saurin goge fuska, kamar ita ce ta yi laifi.

"Na ga kana murna da motarka, ɗan nan. Ban so in ɓata maka ba."

Ya miƙa hannu ya tallafe mata ƙafar. Har aka isa asibiti hannunsa na ƙarƙashin gwiwarta, yana tare mata ramuka.

Darasi: In za ka yi wa wani alheri, dakata ka zauna inda zai zauna, ka tambaye shi yadda yake ji. Iyaye sukan haɗiye ciwo don kada su rage mana farin ciki, shirunsu ba ya nufin daɗi suke ji. Ku tura wa 'yan uwa, musamman mai saurin nan na gidanku.