Robar da Aka Sauya Ranar Alhamis

Ku da kuke zaune kuna jiran lodi, ku ajiye wayoyin nan ku juyo. Kai ma mai shayi, rage ƙarar rediyon. Ina da magana da ta fi ƙarfina, yau shekara biyu ke nan ina ɗauke da ita, kuma ku nake so ku yanke.

Kun ga Fijon can mai dogon baya da ke ƙarƙashin darbejiya, wadda awaki suka mayar wurin hutawa? Ta Malam Sallau ce, Allah ya jiƙansa. Shekara ashirin da shida yana jigila da ita daga tashar nan, bai taɓa taka ko kaza ba. Sai dai rana ta cinye ta. Robar bamba da ta gefen ƙofofi, waɗanda da baƙaƙe ne wuluk, duk sun koma launin toka, in ka shafa sai gari ya biyo hannunka. Mukan tsokane shi mu ce motar ta riga shi furfura. Shi yakan yi dariya, amma da fasinja suka fara tsallake ta suna shiga sababbi, abin ya dame shi.

Ranar wata Alhamis ya kai ta rumfar Cindo mai gyaran roba. Cindo ya bi waɗanda ke da sauran rai da harshen wuta a hankali har baƙinsu ya dawo. Ta kusurwar bamba ta dama kuwa ya ce ta mutu, ya kwance ta ya ɗaura sabuwa. Sallau ya kai mota gida ya lulluɓe da tamfol, wai sai ranar Lahadi da kasuwa ke ci zai fito da ita mu sha mamaki. Dattijo da son burga! Amma ya kasa haƙuri, ranar Asabar da hantsi ya zare tamfol ya tafi gonarsa shi kaɗai.

A wannan hantsin, a kan wannan hanyar, wata mota ta banke Mati mai liƙin bokiti yana kan kekensa, ta wuce ba ta tsaya ba. Nan take ya cika. Masu noma daga nesa suka ce Fijo ce mai dogon baya. A gefen gawar aka tsinci ɓallin roba mai launin toka, na kusurwar bamba ta dama.

Lahadi sai ga Sallau ya shigo tasha yana ƙyalli yana murmushi, bai san komai ba. Bawale, yayan mamacin, ya dubi sabuwar robar, ya ɗaga murya ya ce, “Jiya ta kashe, yau ta sake kaya!” Wallahi da ban rufe Sallau a ofishina na shugaban tasha ba, da a nan za a gama da shi. Aka kai shi gidan yari jiran shari'a, ga shi da shekara sittin da uku, ga ciwon suga. Kowa ya san in aka yanke masa shekaru, gawarsa za a fito da ita, kuma da sunan wanda ya yi kisa ya gudu.

To, mutum uku ne suka fito da shi. Ku saurara da kyau, don kada wani ya ce na fifita wani.

Na farko Cindo. Garin nan kaf ya riga ya yanke hukunci, wanda duk ya buɗe baki ya zama abokin mai kisa. Matarsa ta roƙe shi ya yi shiru, ya ƙi. Ya taka da ƙafarsa har gaban hukuma ya ce shi ya sauya robar, kuma ranar Alhamis ne, kwana biyu kafin a kashe Mati, kuma tsohuwar ya cire ta sukutum ba ɓalli. Ya ƙara da wata al'adarsa: duk robar da ya kwance, yakan ƙona ƙusa ya rubuta lambar motar a cikinta, don kada mai mota ya dawo ya ce an musanya masa. Aka ce to ina take? Ya ce ranar Juma'a ya haɗa ta da tarkace ya sayar wa 'yan gwangwan. Aka yi masa dariya. Bayan kwana uku, ana tsakar sallar azahar, aka cinna wa rumfarsa wuta. Kayan aikinsa na shekara goma sha tara suka narke suka zama dunƙule ɗaya. Har yau ba direban da ke kai masa aiki. Amma ba don bakinsa ba, da ba wanda ya san akwai abin nema.

Na biyu Ɗantala, mai tura kura yana sayen tarkace. Shi ya sayi kayan a wurin Cindo, kuma tuni ya sayar wa babbar mota da ke kai roba Kano, inda ake niƙa ta a narka. Ba abin da ke tsakaninsa da Sallau sai gaisuwa. Daga baya na tambaye shi me ya sa ya shiga maganar, ya ce, “Baba, ni na saya ni na sayar. In dattijon nan ya mutu a can, da hannuna a ciki.” Ya jingine kurarsa ya bi sawun motar. Ku da ba ku taɓa ganin wurin ba, tsibin roba ne ya fi rufin tashar nan tsawo, ga wari, ga ƙuda. Kwana goma sha tara yana tono da hannu, yana juya kowane guntu yana duba cikinsa. Ma'aikatan wurin suka ɗauka taɓaɓɓe ne. Ranar ta ashirin ya hango ta a cikin tarkacen da aka riga aka juye a bakin inji. Ya yi ihu a kashe, ƙara ta hana a ji shi, sai ya zura hannu. Ya fito da robar sukutum ba ɓalli, inji ya riƙe yatsunsa uku na dama. Da hannun a naɗe da tsumma ya kawo ta garin nan, yanzu ko kurar ba ya iya riƙewa da kyau.

Muka ce shi ke nan, an gama. Ina! A kotu lauyan masu ƙara ya ɗaga robar da yatsa biyu ya ce ai kowa na iya ƙona ƙusa ya rubuta lambar da ya ga dama a kan robar da ya tsinta a bola. Kuma gaskiya ya faɗa. Na dubi Sallau, ƙafarsa ta kumbura har ba ta shiga takalmi, na ji ƙwalla ta cika mini ido.

Na uku Bawale, wanda ya fara nuna shi da yatsa. Yana zaune a gaba, bayansa tsohuwarsu da matar Mati da marayu huɗu. Alƙali ya sa a zaga da robar kowa ya gani. Da ta zo hannun Bawale sai ya juya cikinta, sai ya tsaya. Akwai wata tsohuwar tsaga da aka liƙe da yankin koren bokiti, a ƙarshen liƙin an ɗiga ɗigo uku da ƙarfe mai zafi. Haka Mati ke rufe kowane aiki nasa, duk gidan da ke da bokiti a garin nan ya san ɗigon nan. Shekara shida kafin nan Mati ya liƙe wa Sallau ita a bakin kasuwa, kuma Bawale ne ya riƙe masa ita yana liƙin. Sallau kansa ya manta. Da Bawale ya miƙa ta gaba ya yi shiru, ba mai tuhumarsa har abada. Ya daɗe riƙe da ita, sannan ya miƙe ya ce, “Ranka ya daɗe, wannan aikin ƙanina ne, a gabana ya yi shi a motar mutumin nan. Na zalunci Malam Sallau.” Tsohuwarsu ta ce ya sayar da jinin ɗan'uwansa. Ba ta sake amsa gaisuwarsa ba har ta koma ga Allah, dangi kuma suka fitar masa da kayansa daga gidan gado. Wanda ya yi kisan har gobe ba a san shi ba, shi ya sa suke ganin Bawale ne ya raba su da hakkinsu.

An saki Sallau bayan wata bakwai. Daga kotu asibiti aka wuce da shi, aka yanke ƙafar. Bai cika kwana arba'in ba ya rasu. Ranar da na je duba shi ta ƙarshe, ya zaro makullin motar daga ƙarƙashin matashi ya damƙa mini a gaban iyalinsa, ya ce, “Yaya, kada a sayar da ita, kada a raba. Ka ba wanda ya wanke ni.” Na ce, “Sallau, wanne daga ciki?” Ya buɗe baki, tari ya sarƙe shi, daga nan bai sake magana ba. Iyalinsa sun ce wasiyya ce, ba za su taɓa ba.

Ga ta can tana ruɓewa a idona, sabuwar robar ma ta fara komawa toka. Cindo ba rumfa, Ɗantala ba yatsu, Bawale ba gida, kowannensu motar nan za ta iya tayar da shi, kuma ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye ni ita. Ni kuma na tsufa, ina tsoron in tarar da Sallau da amanarsa a aljihuna.

Ga makullin nan na ajiye a kan benci. Ku faɗa mini tsakaninku da Allah: Cindo, ko Ɗantala, ko Bawale, wa zan kira ya ɗauka?