Busasshen Karofin Shekarau

A zamanin da, tun ana cin kasuwa da kuɗin wuri, an yi wani Sarki mai babban birni wanda rini ne arzikinsa. Al'adar garin ita ce, in kaka ta yi, kowane marini ya zo gaban Sarkin Karofi ya jefa tsakuwa a ƙwarya, ɗaya a madadin kowane ramin rini da yake aiki da shi, watau karofi. A kan tsakuwar nan ake yanka masa haraji. Karofin da ya shekara a bushe kuwa, sai a karɓe a ba wanda ba shi da ko ɗaya.

Ana nan sai Sarki ya lura turkuɗi ya cika kasuwa, amma tsakuwa kullum raguwa take yi. Marina sun gano dabara: mai karofi shida sai ya rufe uku da tabarma, ya watsa yashi, ya ɗaure akuya a kai, ya zo ya jefa tsakuwa uku yana ta salati. Sarki ya sa aka yi shela cewa duk wanda ya faɗi abin da ba shi ne ba a kan karofinsa, za a raba shi da su duka. Aka ji, aka ce Allah ya ja zamanin Sarki, aka ƙara yashi.

A cikin marinan nan akwai wani dattijo, Shekarau, wanda shelar ba ta motsa shi ba, don ya daɗe ba abin da ke motsa shi. Karofi uku gare shi, biyu nasa, ɗaya na ɗansa Sambo. Sambo ya bi ayari fatauci, da ayarin ya dawo sai madugu ya kawo rigarsa, ya ce kogi ya ci shi. Shekarau ya karɓi rigar, ya ce madalla da ɗawainiya, ya koma bakin aiki. Aka yi zaman makoki yana zaune cikin mutane, ana yi masa gaisuwa yana amsawa, amma bakinsa bai taɓa furta cewa Sambo ya rasu ba. Ya kifa murfi a kan karofin Sambo, kowace kaka kuma ya jefa tsakuwa uku ya biya. Baƙin ciki ma ba ya jin sa sosai. Yana cin tuwo, yana salla, yana juya muciya, shi ke nan.

Da Sarki ya ga shela ba ta yi ba, ya kira Waziri ya ce, "Ko in aika dogarai su tone marina duka?"

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, dogari zai tono rami, amma zai ɓata rinin mutane, talaka ya tsane ka. Ka bar su su tono da hannunsu. A yi shela cewa fada na son rawuna masu yawa, don haka za ka raba baba, ganyen rini, kyauta, dami ɗaya ga kowane karofi. Wanda ya nuna rami, ya ɗauki dami."

Kafin la'asar an kwance awaki, an share yashi, an naɗe tabarmi. Mutumin da ya rantse uku gare shi ya tsaya yana nuna bakwai, har yana faɗa da Sarkin Karofi wai an tsallake masa ɗaya. Waziri na tsaye da ƙwaryar harajin bara, yana gwada tsakuwa da dami.

Da aka zo kan Shekarau ya ce a ba shi biyu.

Waziri ya ce, "Baba, tsakuwa uku ka jefa."

Shekarau ya ce, "Biyu za su ishe ni, ranka ya daɗe."

Waziri ya sa aka ɗaga murfin na uku, ya zura muciya har ƙasa. Ta fito a bushe, da yanar gizo a jikinta.

Washegari aka tara marinan a fada. Masu ɓoyon rami suna ta kuka da birgima. Sarki ya ce ba zai kashe sana'ar garinsa ba, don haka kowa ya biya abin da ya ɓoye, a kuma karɓe ramin da ya rufe da yashi. Sannan aka gabatar da Shekarau. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, hannayensa baƙaƙe da shuni a kan gwiwa. Ya san hukuncin da aka yi shela, ya san karofin Sambo zai tafi, amma ya laluba zuciyarsa bai sami tsoro ba. Ido kawai ya zuba wa wata tururuwa da ke jan ƙwayar gero a gefen shimfiɗa.

Sarki ya ce, "Ga wanda ya yi ƙarya, ƙaryar ta ƙara wa baitulmali. Ku fada, me ake yi da irinsa?"

Ma'aji ya ce a ba shi riga, Allah ya yawaita irinsa. Alƙali ya ce ƙarya ƙarya ce, shela kuwa ba ta ware kowa ba. Aka yi ta ja-in-ja har Sarki ya dubi Waziri.

Waziri ya ce, "Zaki, baitulmali bai yi asara ba, amma akwai wanda ya yi. A kira Jatau."

Aka shigo da wani magidanci mai furfura a gemu. Waziri ya ce, "Wannan ya tsufa yana rini a ramin wasu, ana ba shi ladan yini. Shi ne na gaba in karofi ya faɗi. Da an faɗi gaskiya, da tuni yana ciyar da iyalinsa daga nasa. Kuɗin da dattijon nan ya biya kuwa bai halatta gare mu ba, don ba a karɓar haraji a kan abin da ba ya aiki."

Sarki ya dubi Shekarau ya ce, "Ina mai karofin nan?"

Shekarau ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ba ya nan, ranka ya daɗe."

Sarki ya daɗe yana kallonsa, tausayi ya kama shi. Ya ce, "Ba zan raba ka da naka biyu ba. A mayar masa da duk abin da ya biya na banza. Na ukun na Jatau ne. Amma ba dogarin da zai ɗaga murfin nan. Kai za ka ɗaga, ka faɗa wa Sarkin Karofi gaskiyar ramin da bakinka, kamar yadda kowane mai biyan haraji ke yi."

Ranar kasuwa da hantsi Jatau ya zo marina da tulunan ruwa da toka da damin baba, Sarkin Karofi na biye da ƙwaryarsa. Jatau ya tsaya nesa, kunya ta hana shi matsowa. Shekarau ya sunkuya ya jefa tsakuwa biyu, ya riƙe ta ukun a hannu kamar ya manta da ita. Can ya miƙa wa Jatau, ya je ya ɗaga murfin.

Jatau ya ɗauki tulu zai juye, sai Shekarau ya riƙe masa hannu.

Ya ce, "Dakata, malam. Akwai tsaga ta wajen gabas, sai ka shafe ta tukuna, in ba haka ba ruwan zai tsiyaye. Sambo ya ce in ya dawo zai gyara." Ya juya wajen Sarkin Karofi. "Ba zai dawo ba. Sambo ya rasu."

Sarkin Karofi ya ce, "Allah ya jiƙansa."

Shekarau ya ce amin. Ya zauna a bakin ramin, hawaye na bin gemunsa, yana nuna wa Jatau inda tsagar take.