Rabon Giwa a Bakin Tafki

Ku gafarce ni, da girmana na koyi rubutu, hannuna bai faɗa ba tukuna.

Ga ta nan, ga ta nanku. Ta zo mu saurare ta.

A wata shekarar fari, tafki ɗaya ya rage a daji. Majalisar dabbobi ta kafa doka cewa kowane jinsi da ranar shansa. Aka zaɓi Giwa ta zartar da dokar. An ba ta ikon korar wanda ya zo ba ranarsa ba, amma ba a ba ta ikon sauya ranakun ba.

Ranar giwaye sai ga Barewa tana jan ɗanta, harshensa a waje. Ta ce, "Ranki ya daɗe, ranarmu sai jibi, ɗan nan kuwa ba zai kai gobe ba."

Kura tana gefe tana lasar baki. Ta ce, "Haba shugaba! Wa ya isa ya tuhume ki? Soke dokar kawai, kowa ya sha."

Giwa ta san in ta soke dokar yau, gobe ƙarfi ne zai raba ruwan, kuma Barewa za a fara cinyewa a bakin tafki.

Ta ce, "Kura, gadin doka aka ba ni, ba yin ta ba. Amma rabona na yau mallakina ne."

Ta zuƙo shi a hanci, ta ɗura wa ɗan Barewa har ya miƙe. Sannan ta yi kururuwa majalisa ta taru ta duba halin ƙanana. Ita kuwa ta koma gadi da ƙishirwarta, sai ranarta ta sake zagayowa.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, nan ta tsaya. Inda na yi kuskure, don Allah ku gyara mini.